Bangon Tela

Zuwa ga 'yata, Uwata, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan jikan nan nawa mai jan gemu. Innarki tana gaishe ku.

Kada ki tsorata da ganin takarda. Ba mutuwa aka yi ba, wayata ce ta rasu. Ta faɗa bokitin farar ƙasa, ni kuma na biyo ta daga kan tsani, sai dai ta riga ni sauka. Yanzu haka rub da ciki nake rubuta miki, Innarki tana gasa mini baya da ruwan zafi, tana kuma gasa mini magana. Ban san wanda ya fi ƙuna ba.

Ga yadda aka yi. Watan jiya wasu samari suka shigo layinmu da jan fenti, suka bi gida gida suna zana lamba a bango. Tawa sun ɗora ta daidai wurin da nake jingina da yamma. Suka ce kowa ya faɗi sunansa, na ce wa mutane kada wanda ya faɗa, domin ban taɓa ganin wanda ya rubuta sunan talaka don ya ba shi wani abu ba. Suka auna, suka tafi. To ke ma kin san abin da ke bin bayan jan fenti: katafila.

Sai na zauna na yi lissafi irin na wanda ya tsaya a aji huɗu. Direban katafila ba malami ba ne, abin da ya gani a bango shi yake bi. In bai ga ja ba, sai ya wuce. Na kwaɓa farar ƙasa, na shafe tawa tas, kuma da ban tsaya yaba aikina ina ja da baya a kan tsani ba, da yanzu ina tsaye.

Abin dariyar, kafin a ɗaga ni daga ƙasa labari ya zaga. "Uban Injiniya ya shafe tasa, ai ya san abin da yake yi." Mai Wanki ya shafe, Mai Walda ya shafe, har tsohuwar nan ta bakin famfo ta sa jikokinta. Layinmu ya yi fari fat kamar asibiti. Ni ban ce ke kika gaya mini ba. Ban kuma ce ba ke ba ce. Murmushi kawai nake yi irin na mutumin da gwamnati ke shawara da shi.

Saura mutum ɗaya, Kawunki Tela. Filastar bangonsa ta tsufa, ta shanye jan. Ya shafa, ya ƙara shafawa, lambar tana leƙowa kamar mai bin bashi. Idonsa kuma kin sani, zaren ma sai jikarsa ta zura masa. Na ce ya bar mini. Da zarar bayana ya saki zan farfashe tsohuwar filastar in yi masa sabuwa da ragowar simintin da nake da shi. Mutumin da ya ɗinka miki kayan makaranta tun daga aji ɗaya bai taɓa karɓar ko sisi ba, ai ba zan bar katafila ta gan shi ba.

Uwata, ranar da na aza bulo na farko a nan, gidana ne ƙarshen gari. Bayana gonaki ne, sai kwaɗi. Da igiya muka auna, ni da Tela, shi ya riƙe wancan bakin. Yau gari ya shigo mana ba sallama, ya wuce mu, har ba mu san inda ya tsaya ba. Ni da ke gari ɗaya muke, amma sai an hau mota uku kafin a ga fuskarki. Shi ya sa na ba maƙwabcinmu Direba wannan takarda, tunda ta ƙofar ofishinku yake bi.

Ki gaya mini gaskiya, titin nan da gaske ne? Kuma me ya hana ki leƙo mu?

Allah ya yi miki albarka.
Ni ne mahaifinki, magini, wanda ya san tsani tun kafin a haife ki.

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida Inna. Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, don Allah kada ka taɓa bangon Kawu Tela. In ka fara, ka tsaya a inda kake.

Lambar nan ba ta katafila ba ce. Katafila za ta bi layinku ko da lamba ko babu, domin titin da gaske ne, da babbar magudanar ruwa a gefensa. Shi ne zai haɗa sabuwar kasuwa da wurin masana'antu, ya kuma raba ku da ambaliyar da ke shiga ɗakin Inna duk damina. Lambar ita ce shaidar cewa gidan yana nan kafin a fara maganar titi. Duk mai lamba za a ba shi fuloti a sabuwar unguwa, da abin da zai fara gini.

Tun da labarin ya fita, mutane suke tayar da ɗakuna cikin gaggawa a kan hanyar don su samu rabo. Saboda haka aka yanke cewa bangon da ke ɗauke da lambar farko shi kaɗai za a ƙidaya. A wasu layuka an haɗa lamba da suna. A naku babu suna ko ɗaya, yanzu na san dalili. Masu tantancewa za su zo ƙarshen wata. Wanda ba su ga lamba a bangonsa ba, sabon gini za su ɗauke shi.

Farar ƙasa tana fita. A jiƙa ta sosai, a goge da buroshi mai laushi, ban da na ƙarfe. Ka bi kowane gida da kanka ka gaya musu.

Ban zo ba ne domin an cire hannuna daga aikin unguwarku, tunda can aka haife ni. An ce ko ziyara in dakata. Na zaci an yi muku bayani, an ce mota ta zaga da lasifika. Laifina ne da ban kira na tabbatar ba.

Na haɗa Direba da Allah ya kawo maka wannan yau.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma da sauƙi, in an cire abin da zan faɗa.

Motar Direba ta lalace a hanya. Takardarki ta kwana huɗu a gaban mota tare da sifana da tsumman mai. Ranar da ya miƙo mini ita, hannuna da siminti na karɓa.

Na gama, Uwata. Kuma wallahi a duk shekarun da na yi ina gini ban taɓa yin filasta mai kyan wannan ba. Sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Na karanta takardarki a gindin bangon, na sake karantawa ko aji huɗun nawa ne ya ruɗe ni. Bai ruɗe ni ba. Motar lasifikar ma na tuna ta. Ta wuce ina ba da labari a bakin shagon Mai Walda, har na kwaikwayi muryar mai maganar, aka yi ta dariya.

Na bi gida gida kamar yadda kika ce. Kin san akwai tafiyar da mutum yake yi ƙafarsa tana gaba, fuskarsa tana son komawa gida. Mai Wanki ya ce, "Uban Injiniya, yau kuma wace sabuwar doka ta fito daga fadar tsani?" Mai Walda kuwa kunna injinsa ya yi ina cikin magana. Tsohuwar bakin famfo ta ce in Allah ya kai mu wata shawarar tawa, in fara gwadawa a kan akuya. Amma an wanke. Lambobi sun fito, wasu jajir, wasu kamar sun yi jinya. Tawa ma ta fito, marar kunya.

Saura Tela. Ranar da na yi aikin ba ya gida, ya kai matarsa asibiti, kin san ƙafar nan tata. Ya dawo ya tarar da sabon bango. Shi a zatonsa a kan tsohuwar filastar na shafa, lambar tana ciki tana barci. Da ya ga kowa na wanki, sai ya fito da bokitinsa da buroshi. Uwata, ta taga nake kallonsa. Tun hantsi yake dirzar siminti, yana matso da ido, yana tambayar jikarsa, "Ta fara fitowa?" Yarinyar ta ce a'a, ya ce to ƙaro ruwa.

Na fita na ce masa ya bari, akwai dabara, Injiniya za ta aiko da ita. Ya ce, "Ai na sani. 'Yarmu ce." Da yamma ya aiko mini da riga. Ya ɗinka mini ne na gode da aikin bango. Tana rataye a ƙusa, ban iya sa ta ba, ban iya mayarwa ba.

Tsohuwar filastar kuwa, da kaina na kwashe ta a baro na cike ramin nan na bakin layi, har mutane suna sa mini albarka. Tankokin ruwa sun bi ta kai. Jiya na je da rariya da tabarma, na tone ramin, ina tsince duk ɓallin da ke da ja a jikinsa. Yara suka taru suna cewa Baba ya ga zinariya. Na shimfiɗa su a tsakar gida ina haɗawa kamar fasasshen faranti. Na samu cikin wata lamba da wutsiyar wata. Sauran sun zama gari.

Yanzu ga roƙona. Lambar Tela ba ɓoyayya ba ce, tana tsakanin tawa da ta Mai Wanki, ko ni na iya wannan lissafin. Hannuna kuma bai mutu ba. Ki gaya mini irin fentin da yaran nan suka yi aiki da shi, in zana masa abarsa. Ba ƙarya ba ce, tasa ce. Ni na ɗauke, ni zan mayar.

Mahaifinki, wanda ya cike rami ya haƙa wani.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na karanta takardarka a ofis, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Ba zan gaya maka irin fentin ba. Ka yafe mini.

Na san lambar tasa ce. Amma masu tantancewa ba zuciya suke dubawa ba, bango suke dubawa. A wata unguwa an kama wanda ya zana wa kansa lamba. Yana tsare har yanzu, kuma an dakatar da layinsu gaba ɗaya, da mai gaskiya da maƙaryaci, har sai an gama bincike. Katafila ba ta jira binciken ba. In aka kama ta Kawu Tela, tsohuwar bakin famfo ma ta rasa.

Akwai kuma abin da ban so in faɗa ba. Shugabanmu ya kira ni shekaranjiya. Labari ya iso cewa wani layi ya shafe lambobinsa bisa shawarar "uban injiniya". Ya tambaye ni ko na san mutumin. Na ce mahaifina ne. Ya tambaya ko ni na sa shi. Na ce a'a. Sannan ya ce idonsa yana kan layin nan. In jabun lamba ta fito a can, ba wanda zai yarda ba daga hannuna ta fito ba.

Akwai hanyar ƙorafi. Lamba ɗaya za ta rage babu bango, maƙwabta za su iya shaida, ɓallin da ka tsinto ma kada ka zubar. Amma ba zan yaudare ka ba. Masu ƙorafi sun yi yawa, rabinsu na bogi ne, layin jira yana da tsawo. Za a rushe kafin a kai kansa, kuma ba lallai a ba shi ba.

Baba, ka gaya masa. Kowace safiya da ya tashi yana jiran dabarata, ni ma ana sa ni cikin ƙaryar. Kayan makarantar da ya ɗinka mini har yanzu ina da riga ɗaya a akwati.

Zan aiko maka da wata wayar.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa. Kada ki aiko da waya. A waya kina katse ni, a takarda kuwa sai na gama.

Na gaya masa. Na same shi a kan keken ɗinki yana haɗa wandon wani yaro. Na zauna a bencin masu jira, na fara da wasa kamar yadda na saba, na ce Tela, ka san ni da aiki ba na yin rabi. Bai ɗago ba. Sai na faɗa masa a miƙe, ba ado. Ƙafarsa ta tsaya a kan keken.

Ya ce, "Ina filastar?"

Na ce tana ramin bakin layi, abin da ya saura yana kan tabarmata.

Ya ce, "Ranar da nake dirzar bango, kana ina?"

Na ce ina taga.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Ni ban iya karatu ba. Da ka ce kada mu ba da suna, ban bayar ba. Da ka ce a shafe, na shafe. Tun muna riƙe da igiya kai ne mai magana, ni ne mai riƙe ɗaya bakin. Matata ba ta iya taka ƙasa. Jikoki uku ɗana ya bar mini. Ina zan kai su, magini?"

Rabon da ya kira ni magini tun kafin ki yi haƙori. Kullum "mutumina" ne.

Na kawo maganar ƙorafi. Ya ce, "A ƙarƙashin wace bishiya zan zauna in jira?" Sannan ya ce, "Kai ka cire, kai za ka mayar. Ban ce 'yarka ta sa hannu ba. Kai da buroshinka." Na ce in an kama fa? Ya ce, "Lokacin da kake hawa tsani ka tambayi in an kama?"

Na miƙe na fito sum-sum. Ni da ko a wurin zaman makoki sai an roƙe ni in yi shiru.

Labarin ya fita, ban san ta ina ba. Mai Walda ya tare ni a hanya, ya ce in na kuskura na kusanci bangon nan da ja, shi zai fara kai ni ƙara. Mai Wanki ya ce a tausaya wa Tela, amma da ya faɗa sai ya waiwaya ya kalli lambarsa.

Ba zan ɓoye miki ba, na sayo gwangwanin jan fenti. Na kai wa mai shagon ɓalli ɗaya ya gwada mini kala. Yana ƙarƙashin gado. Ban buɗe ba. Na auna ki a hannu ɗaya, na auna Tela a ɗaya, hannuwan duka sun gaji.

An ce ranar Alhamis za su zo.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ba zan ƙara roƙo ba, ka ji duk abin da na sani.

Abu ɗaya kawai, don kada ya zo maka ba shiri. In aka tambaye ni, gaskiya zan faɗa, har da maganar gwangwanin. Bayan na faɗa kuma zan zo in zauna kusa da kai a duk inda suka ajiye ka.

Ga man zafi nan na ba Direba, a shafa maka safe da yamma. Ka gaida Inna. Ka gaida Kawu, in zai amsa.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Man zafi ya iso, an gode. Ki zauna kafin ki karanta, ko da yake ba abin da kike tsoro ba ne. Wani ne daban.

Ranar Alhamis da sassafe na buɗe gwangwanin. Na ɗauki tsani na fita. Tela yana ƙofarsa, kamar ya kwana a wurin. Bai gaishe ni ba, ya dai zo ya riƙe mini tsanin. Na hau. Na tsoma buroshi.

Ina so in ce miki tsoron Allah ne ya riƙe hannuna, ko tunaninki. Suna ciki, amma ba su suka fara zuwa ba. Simintin ne. Na kalli bangon nan da idon magini, sai na ga abin da kowane ɗan koyo zai gani: filasta ce sabuwa, ko launinta bai gama juyawa ba. Ta yaya lambar watanni biyu za ta zauna a kan simintin makonni? Aikin nawa mai kyau shi ne babban mai shaida a kaina. Da na yi shi a banza da wofi, da wataƙila ya wuce.

Sai na waiwaya. Layin nan kaf suna bakin ƙofofinsu. Tsohuwar bakin famfo tana tsaye ta dafa lambarta da tafin hannu, kamar za a ƙwace mata. Fenti ya ɗiga daga buroshin ya sauka a takalmina.

Na ce, "Tela, ba zan iya ba."

Ya saki tsanin, ina sama, ya shige gida. Wannan karon da kaina na sauko, a hankali, ba wanda ya yi dariya.

Da rana ta ɗaga suka iso. Wata mata ce shugabarsu, da hular rana, ba ta da wasa. Tana duba lamba, ta kankara da farce, ta miƙa 'yar takarda. Ta ba ni tawa. Da ta zo bangon Tela ta ce, "Wannan sabo ne." Na ce ranki ya daɗe, bangon ya girme ki, rigarsa ce sabuwa, kuma ni ne telan. Na ɗauko tsohuwar ƙofar katako da na jera ɓallin a kai, ni da Mai Wanki muka ajiye a gabanta. Ta duƙa ta duba. Ta ce, "Kai ne uban injiniyar?" Na ce ni ne, amma ita ba ta gaji kaina ba, na uwarta ta ɗauko. Mai Walda da bakinsa ya ce gidan nan tare da nasa aka gina. Tsohuwa ta ce a nan aka haifi uban jikokin Tela.

Matar ta ɗauki hoton ɓallin, ta rubuta wani abu. Ta ce zai shiga layin ƙorafi, iyakar abin da za ta iya ke nan. Ba ta ba shi takarda ba.

Na ce to a karɓi tawa a ba shi. Ta ce lamba ba riga ba ce. Na ce a raba fulotina biyu. Ta ce an hana, da irin wannan rabe-raben unguwa take komawa yadda tamu ta koma, ba hanyar mota, ba hanyar ruwa. Na ce to in na gina a nawa, na sa wanda na ga dama a ciki fa? Ta ce wannan ba ruwan ofis. Ta wuce gida na gaba.

Na je ƙofar Tela na faɗa masa ta bayan labule: duk abin da aka ba ni na fara gini, ɗakinsa za a fara. Keken ɗinkinsa kawai na ji yana tafiya.

Da na shiga gida Innarki ta ce, "Ka yi kyauta da rabin gidana, ka tambaye ni?" Na ce a'a. Ta ce, "Ka taɓa tambaya?" Na ce a'a. Ta juya tana ɗaure kwanuka a zani. Can ta ce, "Gefen gabas za ka ba su. Matarsa ba ta jure zafin yamma."

Layinmu ya tsira, aikinki ya tsira. Ki daina wanke fuska a banɗakin ofis.

Mahaifinki.

*

Uwata,

Gaisuwa daga sabuwar unguwa. Na sake zama ƙarshen gari, bayana gonaki, sai kwaɗi. Tituna a miƙe, an shata komai, ruwa ne dai aka ce yana hanya. Na ce in mota uku zai hau, mu haƙa rijiya.

Layinmu babu shi. Ban je kallo ba. Mai Wanki ya ce bangon Tela ne ya fi ba katafila wahala.

Muna cikin rumfar kwano, mu a wannan gefe, su a wancan, buhu ne tsakani. Ƙorafi shiru har yanzu. Abin da aka ba ni ba zai kai gida biyu ba, don haka ni ne magini, ni ne lebura. Ɗakin Tela ya kai taga. Bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Kullum yana fitowa ya zauna a kan bulo yana kallona, ba gaisuwa. Jiya dai ya yi magana. Ya ce, "Tagar ta yi sama. A zaune nake ɗinki." Na rushe layin bulo biyu na sauke ta. Bai ce mutumina ba, bai kuma ce magini ba.

Rigar tana nan a ƙusa. Sai ranar da na aza masa kwano zan sa ta. Namu ɗakin kuma sai bayan nan, ga hadari ya fara haɗuwa.

In ofis ya sake ki, ki zo. Ki taho da takalmin aiki, akwai yashi da za a tankaɗe.

Mahaifinki.